Daga Gaya zuwa Croydon da Wasiƙun Umda

Talata: Gaya, Kano, Landan

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gidana a Gaya, a ƙarshen damina, shekarar da na yi ritaya daga gidan waya. Shekara talatin da ɗaya na yi ina buga wa wasiƙun mutane hatimi, shi ya sa ba na iya ba da labari sai da agogo. Wanda abin ya gundura ya yi haƙuri da tsoho. Jakata ɗaya ce, sai wani ƙunshi da na ɗaure a ƙarƙashin riga, wasiƙun taubashina ne, Umda Tahir.

Gwaggona Hauwa ta bi mijinta hanyar Makka a ƙasa tun kafin a haife ni. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka zauna a wani garin Hausawa a bakin kogi. Can aka haifi Tahir, can ya girma har aka naɗa shi umda, abin da mu za mu kira hakimi. Sau ɗaya tak muka taɓa haɗuwa, a Mina, amma wasiƙa ba ta yanke tsakaninmu ba. Ta ƙarshe kuwa daga Landan ta zo. Sojojin da suka ƙwace mulkin ƙasarsu da sunan kafa shari'a suna nemansa, ya gudu ya nemi mafaka. An sa masa ranar ganawa da jami'an shige da fice, lauyarsa kuma tana son wasiƙunsa masu hatiminsa, da ɗan uwan da zai sa hannu ya ce ya san shi. Idan aka hana shi zama, hannun waɗanda ya guje wa za a mayar da shi.

A gadar Wudil ɗan sanda ya haska mu da tocila, ya ce, "Baba, sai ina?"

Na ce, "Landan."

Ya dubi tasin da muke ciki, ƙofarta ɗaure da igiya, ya ce, "A wannan?" Har direba sai da ya yi dariya. Kilomita sittin da ɗoriya ne zuwa Kano, mun shiga gari ƙarfe shida da rabi.

Jirgi ya tashi sha ɗaya da minti ashirin. Da muka hau kan Sahara na manna goshina a taga, ba gida ba bishiya, sai inuwar gajimare tana tafiya a kan yashi a hankali. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, na ga Gwaggo Hauwa, wadda ban taɓa gani ba, tana tafe da ƙwarya a ka, tana ɗaga kai tana kallon jirginmu. Mai rabon shayi ce ta tashe ni.

Mun sauka Landan shida saura minti ashirin, lokacinsu ɗaya da namu, agogona bai buƙaci gyara ba. Dokta Bashir ne ya tarbe ni, likita ɗan Zariya, wanda ya tsinci Umda a masallaci ya ba shi ɗaki a gidansa na unguwar Catford. Muka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sake jirgi, muka isa gida ana sallar isha'i. Umda na tsaye a saman matakala, farar jallabiya da rawani, ya ɗora rigar sanyi mai kauri. Mutumin da na sani a Mina ƙato ne, wannan kuwa iska ma za ta iya tura shi.

Shi ɗan mace ne, ni ɗan namiji, don haka na ce, "Bawana, haka sarauta ta mayar da kai?"

Ya ce, "Ubangidana da jaka ɗaya. Ashe tsiya ce ta hana ka ziyara." Sai ya rungume ni, ya daɗe bai sake ni ba.

Laraba: Old Kent Road

Ƙarfe tara muka hau bas mai bene, muka zauna a sama can gaba. Hazo ya sauko, jajayen bas suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya suna sake nutsewa. Ofishin lauyar yana saman wani kanti mai sayar da doya da manja, kana hawa kana jin ƙamshin kasuwar Sabon Gari. Baturiya ce mai furfura, ta karɓi wasiƙun tana juya su kamar ƙwai. Ta karanta mini bayanin da Umda ya yi mata tun farko, cewa gwamnan lardinsu ya nemi ya ba da sunayen samari don a kai su yaƙin kudu, shi kuma ya ƙi, shi ya sa ake nemansa. Na sa hannu a tawa takardar ba tare da wani tunani ba.

A gidan abincin wata Bayarabiya muka ci teba da miyar agushi, fam huɗu kowane kwano, na ci ina jin haushi. Dokta ya ce, "Umda, appointment ɗinka Litinin ne. Abin da ke cikin statement kawai za ka maimaita, an nemi sunaye, ka yi refusing. Mutanen nan in suka ji kana da hannu ko kaɗan a aikin gwamnatin can, shi ke nan an yi rejecting."

Umda ya ce, "To." Lomarsa uku ya wanke hannu.

Alhamis: bakin rafi

Akwai wani ɗan rafi a filin shaƙatawa kusa da gidan, tafiyar minti goma sha biyu. A Gaya ko akuya ba za ta kira shi rafi ba, amma kullum Umda sai ya je ya zauna a benci yana kallonsa. Ran nan ya ja ni muka tafi bayan azahar. Ganyaye suna faɗowa cikin ruwan, rawaya da ja, suna juyawa su wuce.

Ya fara ba ni labarin garinsa, muryarsa can ƙasa. Da, in ji shi, a gindin wata tsamiya yake zama bayan la'asar, mai rigimar gona ya zo, mai rigimar ruwan rani ya zo, a yi ta magana har kowa ya gaji a sasanta. Da sababbin masu mulki suka zo, aka turo gwamna matashi mai carbi a hannu, aka kafa kwamiti a kowace unguwa. Sukari da burodi sai da kati, kati kuma sai kwamiti ya sa hannu, kwamiti kuwa yana lura da wanda ya makara sallah da wadda mayafinta ya zame. Shari'ar gona ta koma ofis. Shi aka bar masa hatimi kawai, a kawo takarda ya buga.

"Sai ran nan gwamna ya kira ni, ya ba ni shayi da hannunsa. Ya ce jihadi ya wajaba, kowane umda ya kawo sunan samari goma sha biyu. Ka san mu, ba a ce wa mai mulki a'a a gaban idonsa. Na ce to."

Na ce, "Sannan ka ƙi kaiwa."

Ya bi wata mata mai jan kare da kallo har ta wuce mu. Sannan ya ce, "Na kai, taubashi."

Dabara ya yi, a ganinsa. Ya zauna ya tuno dattawan garin da suka daɗe a kabari, ya rubuta goma sha biyu, kowa da sunan ubansa yadda ake rubutawa a can. Lissafinsa shi ne za a nema a rasa, a yi ta aike-aiken takarda, kafin a gane an canja gwamna. Abin da ya manta shi ne abin da kowane Bahaushe ya sani. Tsoho Musa ɗan Idi ya sa wa ɗansa Idi, sunan mahaifinsa. Shi kuma Idi da ya haihu ya sa wa yaron Musa. Ga wani Musa ɗan Idi a raye ke nan, amma ba wanda ya taɓa kiransa Musa, don ba a ambaton sunan tsoho a gaban 'ya'yansa. Abba ake ce masa tun ranar suna, Umda ma da Abba ya san shi.

"Suka ɗauki takardata suka buɗe rajistar katin sukari. Huɗu suka fito da rai. Abba, da Baffa, da Dattijo, da Halifa. Ina tsaye aka sa su a mota, ana kiransu da sunayen kakanninsu, su kansu sai da suka waiwaya suna neman mai sunan."

Biyu an aiko da labarin rasuwarsu, biyu har yau shiru. Da gwamna ya gano sauran takwas ɗin matattu ne, ya aika a kamo Umda, shi ne ya tsere ta Masar. Mutanen gari kuwa har gobe sun ɗauka kwamiti ne ya rubuta sunayen, iyayen yaran ma har addu'a suke yi masa.

Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. Ba zan ɓoye abin da na ce ba. Na ce, "Ka rufe bakinka ran Litinin. Allah ya san niyyarka, Baturiya ba ta buƙatar sani." Ya gyaɗa kai yana kallon ruwan. Sanyi ya fara shiga ƙashina, muka tashi ƙarfe huɗu da kwata.

Litinin: Croydon

Juma'a zuwa Lahadi ba abin faɗi, masallaci ne da tuwon semo da ruwan sama. Litinin ƙarfe bakwai muka hau bas mai lamba 54, tafiyar kusan awa ɗaya. Ofishin shige da ficen wani dogon gini ne da samansa ya shige cikin hazo, layin mutane ya zagaye shi, kowa rungume da takardunsa. Aka lalube mu a ƙofa, aka ba Umda lamba. Lauyar ta zo da tafinta, Alhaji Fuseni, mutumin zangon Kumasi. Umda na jin Larabci kamar ruwa, amma ya ce shi da Hausa zai yi magana.

Goma da minti biyar aka kira su, ni aka bar ni a zaure. Ɗumin wurin da ƙaramar hayaniyar harsuna iri-iri suka sa idona ya yi nauyi. Lambobi suna canjawa a allo, ni kuwa ina ganin tsamiya a tsakiyar zauren, mutane zaune a gindinta da katin sukari a hannu, ana kiran suna ba mai amsawa. Da na farka agogo ya ce ɗaya saura minti goma.

Lauyar ce ta fara fitowa, fuskarta ja, ta wuce wurin tarho. Alhaji Fuseni ya zauna kusa da ni yana share ido da hularsa. Ya ce, "Ɗan uwanka ya faɗi duka. Matan nan ya tambaye shi, ka ƙi ba da suna? Ya ce a'a, ni na rubuta da hannuna. Ya kira yara huɗu ɗin ɗaya ɗaya, sunan takarda da sunan gida, ya ce a rubuta duka biyu. Matan ya ajiye biro, ya sake ɗauka."

Da Umda ya fito na tare shi, raina a ɓace. Na ce, "Na baro Gaya da tsufana don ka zo ka kashe kanka?"

Ya ce, "Ubangidana, yunwa nake ji." A wani ɗan shago kusa da tasha ya cinye kifi da dankali, ya ƙara da rabin nawa. A bas kuma ya jingina da kafaɗata ya yi barci har Catford, da munshari.

Laraba: komawa gida

An ce amsa sai an aiko da wasiƙa, wata nawa ba wanda ya sani. Dokta ya yi mini booking na Laraba. Umda ya raka ni har bakin inda ake hana 'yan rakiya wucewa, ya ce in gaida masa kabarin kakanmu. Na sauka Kano shida da minti goma na yamma, na kwana a gidan ƙanena a Fagge, na shiga Gaya Alhamis ƙarfe goma na safe, na tarar an fara yankan gero.

Wata bakwai bayan haka wasiƙar Dokta ta zo. Ba a ba Umda zama ba. Lauya ta ce a ɗaukaka ƙara, akwai alamar nasara, shi ya ce a bar shi haka, ya nemi a sa shi a jirgi. Wasiƙa ta biyu daga babbar 'yarsa Nafisa ta zo, da Larabci, sai da na kai wa limaminmu ya karanta mini. Ta ce ya shiga gari da hantsi, bai biya gidansa ba, ya bi gidajen iyayen yaran nan ɗaya bayan ɗaya ya faɗa musu wanda ya rubuta takardar. Mata uku daga cikinsu sun ba shi tabarma sun saurare shi har ƙarshe. Uwar Halifa ta ji ta bayan ƙofa, ta ƙi buɗewa. A ƙofarta ya zauna a ƙasa, a nan motar gwamna ta same shi da la'asar. Har ranar da Nafisa ta rubuto ba a gaya musu inda yake ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Dokta Bashir da iyalinsa da suka ciyar da tsofaffi biyu ba su taɓa ɓata fuska ba, da lauyar da na kasa riƙe sunanta, da Alhaji Fuseni da ya juya maganar yadda aka faɗe ta bai rage komai ba. Ina kuma gode wa matan nan uku da suka shimfiɗa wa taubashina tabarma. Ta huɗun kuwa, wallahi ban ga laifinta ba.