Takardar Izinin Malama

Ni na aika da takardar, ba wani ba. Gara in faɗa da bakina tun yanzu kafin in fara ɗora wa mai maɗaba'a laifi, don zan ɗora masa, kuma ba kaɗan ba.

A shekarun da aka yanke mana Zamfara daga Sakkwato ina koyar da Hausa a wata sakandare a Ƙaura Namoda, ina kuma tace wata 'yar mujallar adabi da ke fitowa bayan wata uku-uku. Edita ni ne, sakatare ni ne, mai liƙe ambulan ma ni ne. Rubuce-rubucen ba ta gidan waya suke zuwa ba. A tasha ake miƙa wa direba a ce ya kai wa malamin mujalla, sai takarda ta iso tana warin fetur, wata da tabon manja. Daga Jangeru wani makiyayi kan aiko da waƙa cikin ajami. Daga Galadi akwai wani malamin asibiti da ya yi imani duk abin da biro ɗinsa ya zana sai an buga, in na ƙi ya aiko mani da shafi huɗu na zagi cikin ladabi. Kowa ina ba shi amsa. In na gama tacewa sai in tattara in aika wa wani Alhaji mai maɗaba'a a wani gari mai nisa, shi ya buga, shi ya rarraba.

Cikin duk masu aiko mana, babu kamar wata Malama a Zurmi. Tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu da daɗewa, ta haura hamsin. Ban taɓa gyara mata jimla ba sai in ji kamar na ɓata. Ta aiko da labari kashi uku a kan wata rijiya da manoma da makiyaya ke jayayya a kanta wajen Gurbin Bore. Kashi biyu sun fita, mutane na tare ni a kasuwar Shinkafi suna tambayar wa zai ci rijiyar. Kashi na uku yana hannuna.

Ana nan aka ƙaddamar da Shari'a. Ni ma na je Gusau, na yi kabbara har muryata ta dishe, kuma ban yi nadama ba. Bayan 'yan makonni wasiƙar Alhaji ta iso. Wai saboda halin da ake ciki, daga yanzu ba zai buga rubutun kowace mace ba sai da takardar izinin mijinta, da sa hannu. Ya haɗo da fom ɗin da ya tsara da kansa, har da layin sa hannun sheda. Babu alƙalin da ya ce masa haka, babu malamin da ya ce masa haka. Tsoronsa ne kawai ya sa wa rawani ya kira shi addini.

Na rubuta masa cewa Malama ba ta da miji. Amsa ta dawo a layi ɗaya: to a ba ɗanta ya sa hannu.

To a nan na yi wautata. Na ce ai ƙaramin abu ne, a sa hannu a wuce wurin, kashi na uku ya fita. Na ninke fom ɗin, na rubuta 'yar gajeriyar wasiƙa, na kai tasha na ba direban Zurmi. Abin da na manta, kuma kowa ya sani, shi ne direba ba ya sallama a gidan mace ya miƙa mata takarda. Namijin gidan yake nema. Ɗan Malama ma'aikaci ne a sakatariyar ƙaramar hukuma, kusa da tasha, don haka hannunsa saƙon ya fara faɗawa.

Kwana biyar fom ya dawo da sa hannu tsaf, har da hatimin roba. Na ji daɗi, Allah ya yafe mani. Sai na ga wata 'yar takarda a bayansa da rubutun Malama. Ta ce in mayar mata da kashi na uku, ba ta son a buga.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Zurmi. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta sa aka shimfiɗa mani tabarma a zaure, ta fito. Muka gaisa, ta tambayi iyali da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, kamar babu komai. Na ce, "Malama, na zo ne a kan saƙonku."

Ta ce, "Malam, ka san wa ya koya ma yaron nan riƙon biro?"

Ba ta jira amsata ba ta ci gaba.

"Ni na kama hannunai, ya rubuta baƙin farko. Ni na biya mashi karatu da alli bisa ƙyauren ɗakin can. Shekara nawa ina rubutu gabanai, bai taɓa tambaya ta mi nike rubutawa ba. Ranar da takardarka ta zo, ya shigo ya zamna, ya gyara hula, ya ce, Inna, kawo labarin in duba tukuna kahin in sa hannu."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da na fi samun sauƙi. Ta ce ta ba shi kwafin da ke wurinta, ya karanta, ya ce akwai wuri guda da matar makiyayi ta yi wa maigari magana da ƙarfi, a rage. Sannan ya sa hannu.

"Yaron kirki ne," in ji ta. "Ba shi da wannan tunani. Kai ka aiko mashi da shi cikin ambulan."

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ciro fom ɗin daga aljihu na yayyaga shi a gabanta. Ta dubi guntayen takardar a kan tabarma ta ce yagawa ba wuya, wa zai buga labarin yanzu? Na ce ni. Ta ce da wane inji? Na ce ban sani ba tukuna, amma zai fita yadda ta rubuta shi, matar makiyayi za ta yi maganarta da ƙarfinta, kuma babu sa hannun kowa. Ta ce in je ta gani.

Na dawo Ƙaura raina a ɓace, rabi da Alhaji, rabi da kaina. Na zauna na rubuta masa wasiƙar da har yau nake alfahari da ita. Na ce, ranka ya daɗe, ka nuna mani inda aka ce uwa ta nemi izinin ɗan da ta haifa kafin ta ɗauki biro, in ka nuna mani zan zo har maɗaba'a in ba ka haƙuri a gaban ma'aikatanka. Na ce matan da ke aiko mana rubutu huɗu ne, ba zan ƙara aika wa ko ɗaya fom ɗinka ba, kuma in mujallar ba za ta fita da su ba, to kada ta fita daga wurinka. Wani abokin aikina da ya karanta ya ce in sassauta, mutumin nan shi kaɗai gare mu. Na ce sassautawar da na yi ce ta kai ni zauren Zurmi.

Alhaji bai yi gardama ba. Ya ɗaure duk rubuce-rubucen fitowar da igiya ya mayar mani ta hannun direba, da 'yar takarda cewa Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Shekarun da muka yi tare suka ƙare a nan.

Akwai wani tsohon inji a makarantarmu da ake juya takardun jarrabawa da shi, mai hannu kamar injin markaɗe. Na roƙi shugaban makaranta ya yarda in yi amfani da shi a hutun ƙarshen zango. Na buga kowane shafi da tafireta a kan sitensil, takardar da injin ke kwafowa daga ita, da yatsa biyu, in na yi kuskure in shafa jan ruwan gyara in jira ya bushe. Mako biyu ina juya hannun injin nan. Tawada ta ɓata mani riguna biyu, matata ta ce in na ɓata ta uku in nemi mai wanki. Mujallar ta fito ba bango mai launi, wasu shafukan sun yi baƙi ƙirin, wasu sai ka kai su rana kafin ka karanta. Mummuna ce, ba na musu. Labarin Malama na sa a shafin farko, ban taɓa ko wasali ba.

Malamin asibitin Galadi ya aiko da shafi biyar a kan munin bugun. Makiyayin Jangeru ya aiko a tambaye ni ko gobara aka yi a maɗaba'a. Ni kuwa wasiƙa ɗaya nake jira, kuma kwafin Malama ban ba direba ba, wata malamar makarantarmu 'yar Zurmi na ba ta kai mata hannu da hannu.

Sai da aka yi wata guda amsa ta zo, ambulan mai kauri, ta hannun malamar nan. Sabon labari ne, shafi goma sha biyu, da 'yar wasiƙa a sama. Ta ce mujalla ta iso, bugun ya yi muni amma ta karanta. Ta ce abin da na ɓata bai gyaru ba, har yanzu in ta ɗauki biro sai ɗanta ya sami dalilin tsayawa a bakin ƙofa, kuma ba ta jin zai daina. Da ta gama wannan labarin ma ya ce ta kawo ya duba.

"Na ce mashi ya jira mujalla ta hito, ya karanta kamar kowa."

Na ajiye wasiƙar, na ɗauko sitensil na sa a tafireta.