Makafin Zakunan Alhaji Shitu

Duk wanda ya yi hulɗa da tashar Funtua a shekarun bayan yaƙin basasa ya san Sulemanu mai fenti, ko da bai riƙe sunansa ba. Dogo ne siriri, rigar aikinsa ba a gane asalin launinta, kuma ko ranar Lahadi da ya sha wanka ya tafi coci, sai ka ga shuɗi a ƙarƙashin farcensa. Mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Kafur, ɗan manoma jikan manoma. Ubansa ya so ya riƙe gonar auduga, shi kuwa tun yana makarantar mishan, da ya samu gawayi bangon mutane ya shiga uku. Sai da ya yi aure, fari ya cinye musu damina biyu a jere, sannan ya ɗauko matarsa Liatu suka sauka Funtua neman abin sa wa a baka.

A bayan tasha, inda kafintoci ke haɗa wa manyan motoci bodin katako, ya tarar da wani ɗan Gana mai suna Kwaku Boadu, wanda kowa ke kira Ɗan Gwanja. Yana tsaye kan duro, yana zana zaki a ƙofar bayan wata gingimari. Sulemanu ya tsaya kallo tun hantsi har rana ta take tsaka, ya manta da yunwar da ta kawo shi gari. Da Ɗan Gwanja ya gaji da ganinsa sai ya miƙo masa burushi ya ce, "Kai dogo, tunda ba ka da wurin zuwa, zo ka cika mini wutsiya." Daga ranar Sulemanu ya samu maigida.

Sana'a ce mai daɗi, biyan ne babu daɗi. Direba zai zauna a kanka mako guda yana ba da umarni. Gashin wuyan zakin bai cika ba. A ƙara wa gaggafa fiffike. A sa mata maciji a baki, a'a, a cire macijin, uwarsa ba ta son maciji. Ka yi, ka goge, ka sake, kana murmushi. Ranar da aka gama sai ya zagaya motar yana washe baki, ya jefo maka na goro, ya ce sauran sai ya dawo daga Ikko. Kafinta an biya shi, mai walda an biya shi, don nasu aiki ne. Shi kuwa mai zane, wai baiwa ce Allah ya ba shi, kuma ba a sayar da baiwa. Baiwar ba ta sayen dawa a kasuwa, amma wannan ba damuwar direba ba ce.

Ɗan Gwanja ne ya fito da magani. Zai gama dabba tsaf, har ɗigon jini a haƙori, amma ya bar gurbin idanu fari fat. Sai an sallame shi zai hau duro ya ɗiga baƙin, abin da suke kira buɗe ido. Da farko dabarar ba ta ci ba, don direba zai ja motarsa ya kai wa wani mai fentin ya buɗe masa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa masu fentin tashar suka zauna, su huɗu ne duka: Ɗan Gwanja, da wani ɗan ƙasarsu, da wani ɗan Togo, sai Sulemanu. Suka tsayar da farashi ɗaya, suka yi alkawarin da shi ne ƙashin bayan komai: babu mai buɗe idon aikin wani, ko da za a cika masa hula da kuɗi. Sulemanu suka sa a gaba, don shi ne ɗan ƙasa mai cikakkiyar Hausa. Da ya kai maganar ofishin ƙungiyar direbobi, shugabansu ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ƙungiyar mutum huɗu! Sulemanu ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi cikin ladabi ko tasu da mutum ɗari ta fara.

Bakin 'yan kamasho ne ya ƙarasa aikin. Mota ta shigo tasha da zaki marar ido, sai ihu ya tashi: "Makaho ya iso! A ba shi hanya, a kama masa sanda!" Fataken hatsi kuma, waɗanda a baki ba su yarda da camfi ba, suka riƙa zamewa suna kai buhunansu wata motar. Wa zai ɗora dukiyarsa a kan abin da ba ya gani, ya tura shi hanyar Birnin Gwari? Kafin a ankara, direbobi sun koyi biya ba tare da an bi su ba. A shekarun nan Sulemanu ya yi wa ɗakinsa rufin kwano, ya saya wa Liatu keken ɗinki. Matar Ɗan Gwanja tana sayar da burodi a ƙofar tasha, 'ya'yansu huɗu duk haihuwar Funtua ne, Hausa ce a bakinsu.

A farkon shekarar 1983, wata safiya a teburin mai shayi, rediyo ya ce gwamnati ta ba duk baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Sulemanu dariya ya fara yi. Wannan ai maganar mutanen Ikko ce. Wane baƙo a Funtua? Sai da ya juya ya ga fuskar maigidansa, kofin shayi a hannu bai kai baki ba, sannan ya gane maganar ta shafe su. Ɗan Gwanja ya shigo ƙasar tun lokacin da babu mai tambayar kowa takarda, kuma bai taɓa tunanin nemanta ba.

Sauran masu fentin biyu suka watsar da kayansu a kan ko nawa ne, suka kama hanya. Ɗan Gwanja bai iya ba. Duk abin da ya mallaka ya zuba shi a fenti da wahalar watanni a kan sababbin motoci uku na Alhaji Shitu, babban dillalin hatsi mai kai dawa da masara kudu. Zakuna uku ne, waɗanda bai taɓa zana irinsu ba, komai ya kammala sai ido. Guzurinsa da na iyalinsa yana cikin idanun nan.

Sulemanu ya tafi gidan Alhaji da ƙarfin gwiwa, don mutumin ba a san shi da rigima ba. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo kunun zaƙi mai sanyi.

"Ranka ya daɗe, tafiya ta kama maigidana. Na zo a sallame shi, ya buɗe wa motocin ido kafin ya wuce."

Alhaji ya gyara zama ya yi murmushi. "Malam Sule, gaggawar me ake yi? Katako ba ya ruɓewa a mako biyu. Idan ya tafi, ba kai kana nan ba? Kai ɗan gida ne. Ka ɗiga musu, in ba ka abin da hannunka bai taɓa riƙewa ba."

Sulemanu ya saki baki yana kallonsa. Ya ɗauka bai ji daidai ba. "Alhaji, ai aikin wani ne."

"Wanin da gwamnati ta ce ya kama gabansa? Sha kununka."

Sulemanu bai san yadda ya fito daga zauren ba. Da a ce mutumin ya yi faɗa, ya kumfa baki, da abin ya zo da sauƙi. Amma a natse ya yi maganar, kamar mai jiran farashin masara ya faɗo.

Ya garzaya ofishin direbobi. Shugaban ya ɗaga hannuwa biyu ya ce wannan sha'anin gwamnati ne, ƙungiya ba ta shiga. Ya dawo tasha ya tarar da 'yan kamashon da suka sha ihun makaho sun kewaye kayan ɗakin Ɗan Gwanja, suna taya rediyonsa da katifarsa kamar kayan tsintuwa. Direbobin da suka shekara suna cin burodin matarsa sun ninka kuɗin mota zuwa Ikko, kuma ko kunyar faɗa ba sa ji. Liatu ta ce wa mijinta, "Baban Susana, ɗauki keken nan ka sayar, ka ba su." Ya ɗauka ya kai kasuwa, ya tarar da kekunan telolin Gana a jere babu mai tayawa, ya dawo da shi a ka. Mamaki ya hana shi cin abinci. Mutanen nan ya san su, ya san 'ya'yansu, tare ake zaman makoki da biki. Yaushe suka zama haka, ko kuwa dama haka suke?

Abu ɗaya ya rage masa, ya riƙe shi da ƙarfi. Lokacin jigilar hatsi ne, kuma duk ranar da motocin nan suka kwana a tsaye Alhaji asara yake yi. Yanzu babu mai fenti a Funtua sai shi da maigidansa. Ya ɗauko benci ya kafa a gaban motocin, yana gadi kada wani ya zo da ragowar fentin ƙofa ya ɗiga. Aka aiko masa mutane, ya ce a'a. Aka ƙara tayi, ya ce a'a. Kullum yana gaya wa maigidansa, "Ka ƙara haƙuri, ya kusa karyewa." Ɗan Gwanja sai ya gyaɗa kai kawai, ya kalli 'ya'yansa.

Ranar da wa'adi zai cika, Sulemanu ya iso da safe ya tarar da taro a bayan tasha. An cika mota ɗaya da buhunan dawa. Matar Ɗan Gwanja da yaran suna tsaye kusa da ita da ƙullin kayansu. Alhaji yana zaune kan kujera. Maigidansa kuwa yana kan duro, da gwangwanin baƙin fenti a hannu.

"Maigida, an biya?"

"An ba mu wuri a kan buhu, har Ikko."

"Wuri? Aikin mota uku, wuri a kan buhu?"

Ɗan Gwanja ya juya wajen zakin. Ya tsoma burushi ya ɗaga, hannun ya kama rawa, baƙin fenti ya ɗigo a kan rigarsa. Ya sake gwadawa, ya kasa. Sai ya sauko ya miƙa wa Sulemanu. "Karɓi. Kada in ɓata shi."

"Maigida, kai ka kafa dokar nan. Babu mai buɗe idon aikin wani."

"Sule, yarana huɗu. Gobe 'yan sanda ne. Karɓi, don Allah."

Sulemanu ya karɓa. Ya hau duro, ya buɗe na farko, ya sauko aka gangara masa duron gaban na biyu, aka kai na uku. Hannunsa bai yi rawa ba, kuma wannan ma ya ba shi haushin kansa. Duk tashar tana kallo, duk direban da ke wurin ya ga cewa ana buɗe ido ba a biya ba, in dai mai mota ya iya jira. Ƙungiyar masu fenti ta ƙare a kan duron nan. Sulemanu ya ci gaba da zane shekaru bayan haka, a kan abin da aka ga damar ba shi.

Aka ɗora yaran kan buhuna, uwarsu ta bi, Ɗan Gwanja ya hau ƙarshe. Direba ya tada mota. A lokacin ne shugaban direbobi ya matso gaban kujerar Alhaji, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Jama'a, ku shaida. A wannan lokaci da kowa ke tsawwala wa bayin Allah nan, Alhaji ya ɗauki mutum shida kyauta. Allah ya saka masa da alheri!"

Taro ya ɗauka da amin. Sulemanu yana tsaye da burushi a hannu. Ya ɗaga kai yana neman idon maigidansa, ko za su haɗa ido su biyu da suka san gaskiyar magana. Ɗan Gwanja yana durƙushe a kan buhun dawa, ya ɗaga hannuwa biyu wajen Alhaji, kuma muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi.

"Amin, Alhaji. Mun gode. Mun gode."