Matar da Aka Rubuta a Littafi

A gidanmu na unguwar Sakasaka, idan an idar da sallar isha'i, Kaka Azumi takan tura sauran itacen tuwo cikin murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Yawanci labaranta na dariya ne. Amma akwai guda ɗaya da ba ta ba mu sai sau biyu, kuma duka biyun ba ta kalli fuskar kowa ba.

"Ku matso, wannan ba ta Gizo ba ce," in ji ta.

Wai a zamanin Turawa an yi wata mai sayar da koko a unguwarmu. Ɗanta ya tafi ɗiban ruwa, bai dawo ba. Tun daga ranar, kullum da asuba sai ta bi ƙofa-ƙofa tana kiran sunansa. Da fari mutane suna fitowa su rarrashe ta. Da aka shekara, sai suka gaji. Suka kai ƙara wurin samasama, wato ma'aikacin duba-gari. Ya zo da gajeren wandonsa, ya dube ta, ya rubuta kalma ɗaya a littafi, ya karanta da ƙarfi: nuisance.

Ba wanda ya san ma'anarta. Yara suka ɗauka suna ne, suka riƙa bin ta suna tafi, "Nusans! Nusans!" Daga baya aka ɗauke ta aka kai bayan gari, ba a sake ganinta ba.

Kaka ta rage murya. "Amma kiran bai tsaya ba. Da asuba sai a ji ana taɓa ƙyaure a hankali. Ta daina neman yaron. Cewa take, 'Jama'a, yaya sunana?'"

Na ƙanƙame yayata. Na ce, "Kaka, to yaya sunan nata?"

Ta daɗe tana tona garwashi da tsinke.

"Na manta, jikalle. Ina cikin masu tafin."

Ranar ba ta rufe labarin ba, tashi kawai ta yi ta shige ɗaki.

Sai da na zama malamar makaranta na bincika kalmar. Ashe daga Faransanci ta shigo Turanci, kuma asalinta cutarwa take nufi, rauni na gaske. Sannu a hankali ta yi laushi, ta koma duk abin da ke ba mutum haushi: sauro, hayaƙin bola, ƙarar injin niƙa. Na yi ta tunanin wa aka cutar a unguwar nan, waɗanda aka katse wa barci, ko ita.

Bara, a unguwar Vittin inda nake zaune yanzu, maƙwabcina ya kawo mini takardar koke. Akwai wani mutum da ke zama a mararraba yana ihu shi kaɗai, ana so a kawar da shi.

"Madam, sa hannu kawai. Kowa ya sa."

Na ga kalmar a layi na biyu, an ja mata layi. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Da yamma na ajiye babur a mararrabar, na durƙusa nesa kaɗan, na gaishe shi. Na ce, "Baba, yaya sunanka?"

Leɓɓansa suna motsi, kamar mai lalube a ɗaki mai duhu.

Can ya ce, "Iddrisu."

Na maimaita sunan sau uku a kan hanyar gida, da na isa kuma na faɗa wa 'ya'yana, na ce su riƙe.