Butar Baba

Ina aji huɗu a jami'a, ina karatun fisiyo, wanda a gidanmu na Mabera ake ce wa gashin ƙashi, ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Mahauci ne, tun kafin a haife ni yake riƙe wuƙa da wannan hannun. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun na rataye a gefensa, yatsun a dunƙule.

Abin da ake koya mana ba shi da wuyar faɗa. Hannun da ya shanye, in ba a sa shi aiki a watannin farko ba, da wuya ya dawo. Malaminmu ya maimaita wannan har muka gaji da ji, na rubuta shi a jarrabawa na ci maki. To amma a gidanmu, ko Baba yana lafiya ba a barin sa ya ɗauki tsinke, balle yanzu. Ya dubi buta, mutum uku sun miƙe. Inna ke ba shi tuwo a baki, don ya rantse ba zai ci da hagu ba. Yayana ke yi masa alwala, ya sa masa hula. Masu zuwa dubiya sai sa albarka suke yi, wai an dace da 'ya'ya. Ni kuwa ina kallon yatsun suna ƙara ƙagewa.

Na fara da lallashi. Kowace safiya kafin in tafi asibitin da muke koyon aiki, sai in miƙe masa yatsun, in motsa kafaɗar. Wannan yana yarda, tunda yi masa ake yi. Ranar da na ce ya gwada riƙe cokali, Inna ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah! Muna nan da rai za shi wahala?"

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Wata Asabar Inna ta tafi barka unguwar Minanata, yayana na kasuwa, daga ni sai Baba. Yana zaune a tabarma bakin ɗakinsa da la'asar, ya ce, "Miƙo mini butar can."

Na zuba ruwa rabi, na ajiye ta ta damansa, na koma na durƙusa.

"Cewa na yi ki miƙo mini."

"Ga ta nan, Baba. Ka ɗauka."

Ya daɗe yana dubana. "Wanga ne karatun naki?"

Ya miƙa hagu, na riƙe hannun. Ban taɓa taɓa mahaifina don in hana shi wani abu ba sai ranar. Kunya kamar in nutse, wallahi, amma ban saki ba. Aka tayar da salla a masallacin unguwa, aka sallame, muna nan. Can dai ya ja kafaɗar daman, hannun ya tafi kamar ba nasa ba, ya ture butar, ruwa ya jiƙe masa riga. Na sake zubawa na ajiye. Ya sake turewa. A karo na uku yatsu biyu suka maƙale a mariƙin butar, ya jawo ta har gabansa.

Inna ta dawo ta tarar da jiƙaƙƙiyar riga. Sati guda ko gaisuwata ba ta amsawa. Yayana ya ce boko ya cire mini imani. Amma tun daga ranar Baba ya hana kowa taɓa butarsa. Daga buta ya koma cokali, daga cokali ya koma lomar tuwo, rabi a baki rabi a tabarma. Ina jin fushi ne ya yi masa maganin, ba ni ba.

Wuƙa kam ba ta sake komawa hannunsa ba. Amma da dama yake ci, da ita yake musabaha a ƙofar masallaci.

Yanzu na gama, ina aiki. Kusan kullum sai na ce wa iyalan wani dattijo, "Kada ku miƙa masa, ku bar shi ya ɗauka." Irin kallon da Inna ta yi mini suke yi mini, na saba.

Baba yana nan da ransa. Yana aiken kowa a gidan, yayana, jikoki, har matar yayana. Ni ce dai bai sake aika ba. In na je gida, ko ni ce kusa da abin da yake so, sai ya dafa sanda ya tashi da kansa. Kwanakin baya na ga yana duban butar, na yi sauri na riga shi, na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Aje ta nan, likita. Ina iyawa."

Na ajiye.