Tsohuwar Saba da Ɗakin Sanyi

Shekarun baya kaɗan, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, na samu aikin gwaji a sashen kwamfuta na wata ƙaramar jami'a mai zaman kanta a gefen Kontagora. Tun ranar farko ogana ya yi min bayani a fili. Idan na kwashe shafin intanet na jami'ar daga tsohuwar sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, na mayar da shi kilawud lafiya, za a tabbatar da ni a aiki. Idan kuma aka samu matsala, to Allah Ya haɗa kowa da rabonsa. Kilawud ɗin ba wani abu ba ne illa hayar wuri a manyan na'urorin wani kamfani, inda ɗaukewar wutarmu ba ta kai musu.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da tsoron kuskure. Na kwafi komai, na duba, na sake kwafa don zuciyata ta ƙi kwanciya. Har mahaifiyata ta fara tambaya ko zazzaɓi nake ɓoye mata. Aikin dai ya tafi daidai, shafin ya buɗe a wayata, ya buɗe a ta maƙwabcinmu. Na kashe tsohuwar sabar da hannuna, na ce wa abokan aiki, "Ina ganin, idan ba damuwa, wataƙila zai fi kyau a bar ta a kashe." Ni a ganina doka na kafa.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne ɗakin da take ciki. A duk ginin, shi kaɗai ke da esi mai sanyaya ɗaki da layin janareta na musamman, kuma albarkacin sabar ake ba shi. Ƙa'idar masu kula da wuta ita ce muddin fitilunta na ƙiftawa, layin na nan. Da suka leƙo suka gan ta a kashe, suka yanke. Lokacin kuwa tsakiyar bazara ne.

Bayan wasu kwanaki, da safe, muka tarar da masu neman gurbin karatu sun cika bakin ƙofa, sun zo tantancewar da aka riga aka ɗage. A cikinsu akwai wani dattijo da ya rako 'yarsa daga Kasuwan Garba, ta hanyar da ba a binta sai da addu'a. Abokin aikina mai sa sanarwa ya buɗe kwamfutarsa, ga sanarwar ɗagewa ɓaro-ɓaro. Yarinyar ta miƙo wayarta, babu komai sai tsohuwar rana.

Ogana ya dube ni ta saman tabarau. "Injiniya, kilawud ɗin naka cin sanarwa yake yi?"

"Yallaɓai, bai kamata ba. Ina nufin, ban ce ba zai yiwu ba, amma..."

"Ka je ka nemo min amma ɗin."

Na duba duk abin da na sani ban ga laifi ba. Gumi ya jiƙa min riga. Na ce bari in shiga ɗakin saba in zauna ni kaɗai ko tunani zai zo. Ina tura ƙofa sanyi ya tarbe ni. Wayoyi a jere suna caji, robobin ruwa da na zoɓo a gindin bango, ga abokin aikin nawa ya riga ni shigowa ya miƙe ƙafa. Tsohuwar sabar na ta ƙifta fitilu abinta.

"Malam, wa ya kunna ta?"

"Ni ne. Haba Injiniya, kai ba ka jin zafin garin nan? Kuma ai wataƙila ka ce."

"Kwamfutocin ginin nan wajenta suka saba zuwa. Muddin tana kunne, duk abin da ka sa cikinta yake shiga."

"To ai ina ganin sanarwar."

"Mu kaɗai muke ganinta, mu da ba mu da buƙatarta."

Sai ya ce ko zan sha ruwa mai sanyi.

Na je na kirawo ogana ina shirin doguwar magana, sai na hango tasa wayar a sahun masu caji, na haɗiye rabinta. Ya saurare ni, ya dubi esi, ya dubi sabar.

"Yanzu ba yadda za a yi ta zauna a kunne amma kada ta yi aiki?"

Na ce a iya sanina, idan aka zare wayar da ta haɗa ta da sauran kwamfutoci, sai dai ta yi ta ƙiftawa a banza. Ya ce in zare. A rahoto aka kira ta na'urar ko-ta-kwana.

Ni aka tura in ba mutanen haƙuri. Na fara yi wa dattijon bayanin saba, ya ɗaga min hannu. "Ɗana, mu ba mu san saba ba. Hanya muka sani." Na koma na tsaya a ƙofar oga na ƙi tafiya, har ya amince a tantance waɗanda suka zo a ranar. Daga baya aka tabbatar da ni, har ana yaba min wai na gano matsala da wuri.

Ba zan ce na koyi wani babban darasi ba. Na dai gane cewa kafin ka tayar da abu daga inda ya daɗe, gara ka duba su wa ke shan inuwarsa, don ba za su faɗa maka ba. Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne babu mugu a labarin, balle in samu wanda zan yi fushi da shi. Mutane ne kawai da zafi ya dama. Amma dattijon nan da 'yarsa su ma zafin suka sha, kuma su babu wanda ya ce musu ko za su sha ruwa.