Irin Doyar da Muka Cinye a Karshi

Shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja, hayar cikin gari ta fi ƙarfina. Sai na kwashi matata da yara uku muka kama ɗaki biyu a Karshi, a gidan wani dattijo manomin doya, ɗan ƙabilar Gbagyi. Kowa Baba yake ce masa, mu ma muka bi sahu.

Mun tare ana gama haƙar doya. Baba ya kai ni rumfar da yake ajiya a bayan gida, ya ce in muna so mu ɗiba kawai, baƙo ba ya sayen doya a gidansa. Manya na jibge a gaba, ƙanana kuma can ciki an lulluɓe su da ciyawa. To ni Bakano ne mai ji da kawaici. Na ce wa matata don an ce da kare tuwo ya yi yawa a gidan biki ba shi zai sa mu zaƙe ba, mu bar wa mutum manyan ya kai kasuwa, mu lallaɓa da ƙananan. Haka muka yi wata biyu, dafaffiya da safe, sakwara da dare. Har abokan aiki na riƙa kai wa a buhu, ina ta shan godiya a ofis.

A lokacin 'ya'yan Baba biyu da ke aiki a cikin gari sun matsa masa ya sayar da gonar, don masu gini sun yi tayi mai tsoka. Shi kuwa ya kafe. Ya taɓa gaya mini cewa kakanninsu a da yawo suke yi a duwatsu, doya ce ta zaunar da su, domin wanda ya binne ta dole ya jira ta. Masu jira suka yi bukka, aka samu rarar abinci kasuwa ta kafu, aka naɗa mai raba gardama, a ƙarshe gwamnati ta zo da benayenta da irinmu masu takalmi sau ciki. Yarjejeniyarsa da 'ya'yan nasa ita ce, duk inda ya shuka ba mai taɓawa.

Da lokacin shuka ya zo, ya shiga rumfar ya yaye ciyawa. Ina wanke babur na ga ya fito ya zauna a kan turmi. Sannan ya tambaye ni ko mu ne muke ɗibar na ciki. Na amsa da fara'a, ina jiran yabo.

"Malam," in ji shi, "wannan ba na ci ba ne. Shi ne gona na baɗi."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni da digirina, ban san ƙananan su ne iri ba. Na bazama kasuwa neman iri, amma masu shi sun riga sun shuka, ɗan abin da na samo bai cika kwando biyu ba. Baba ya yayyanka ragowar ƙanana-ƙanana, ya shafe su da toka, maƙwabta suka taimaka da abin da ya sawwaƙa. Duk da haka rabin gonar kawai ya rufe, ɗaya rabin ya kwana da ciyawa.

Kafin damina ta yi nisa 'ya'yan Baba suka zo da mai sayen rabin da ba a shuka ba. Baba bai yi gardama ba, tunda shi ya faɗi maganar da bakinsa. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Sai dai ya ce bai yarda kowa ya karanta masa takardar cinikin ba sai ni, wai ni ba zan cuce shi ba. Na karanta masa ita layi-layi, na fassara, na kama babban yatsansa na nuna masa inda zai dangwala.