Dutsen Yumɓun Mama Banku

A Ketum maharbi ba ya faɗin inda za shi. Ko matarsa ce ta tambaya, sai ya ɗaga haɓa ya ce, "Nan baya kaɗan." Wai in baki ya kama sunan wuri, daji ya ji, nama ya watse. Kowa a wannan yanki na ƙasar Boki da haka ya tashi. Banku ma da haka ta tashi, ba ta taɓa ganin aibun abin ba sai shekarar da ya cinye mata miji.

Osang ya fita da sassafe, ya ce nan baya kaɗan. Kwana tara mazan gari suna hawa dutse suna ƙwala kiran sunansa. Ran na goma aka same shi cikin wani kwazazzabo da bai fi nisan gonar kokonsu ba, ƙafa a karye, gora ba ko ɗigon ruwa. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce bai wuce kwana biyu da cikawa ba. Wato mako guda cur yana kwance yana jiran su, su kuwa suna can wani gefen. Banku ta wanke kayan da aka cire masa da hannunta, ta haɗiye wannan makon a ranta, ta ci gaba da renon 'ya'ya huɗu da kuɗin gwaza da ganyen miya.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka aka hana harbin goggon biri, aka ɗauki tsofaffin maharban aikin tsaron dutsen. Bindiga ta koma rataye. Yanzu aikinsu su ƙirga makwancin ganyen da birran ke yi, su kwance tarkon waya duk inda suka gan shi. Banku ta samu aikin girki a sansaninsu na gindin dutse, kowa kuma Mama yake ce mata.

Shugaban aikin, Oga Bisong, mutumin kirki ne, sai dai ya yarda da takarda fiye da kima. Ya kawo littafi, ya ce kowa ya rubuta hanyarsa kafin ya fita, tunda wayar hannu ba ta kamawa in an wuce rafin farko. Bayan mako guda ya buɗe littafin. Ɗaya ya rubuta "daji". Wani ya rubuta "inda ƙafa ta kai ni". Oga ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe.

Banku ta bari sai da ya huce, ta miƙa masa ruwa. "Oga, rubutu ma ai faɗa ne. Sunan wuri ne ba sa kamawa. Bar ni da su."

Ta ɗebo yumɓu kwando uku, ta zauna gefen murhu ta gina dutsen, tsayinsa ya kai mata gwiwa. Ta ja rafuka da tsinken tsintsiya, ta danna koguna da babban yatsa. Da gangan ta karkatar da rafi guda biyu. Maharbi kuwa ba ya iya ganin ƙarya a kan dajinsa ya yi shiru. Kafin azahar ga su durƙushe su bakwai suna gardama, wannan ya ce nan ruwan ya bi, wancan ya ce ƙarya kake, suka gyara mata dutsen tsaf ba su san aiki suka yi ba.

Sai ta ba kowa katantanwa guda da zaren launinsa. Ba a ce ka yi magana ba. Ka dai ɗora taka a inda za ka, ka karɓi ƙunshin garin rogo da gyaɗa. Ba katantanwa, ba ƙunshi. In ka dawo ka ɗauke abarka ka jefa a ƙwarya. Duk wadda ta rage a kan yumɓun bayan ƙarfe biyu, za a bi sawun mai ita nan take, ba sai gobe ba. Akwai wata baƙar katantanwa da ta ɗora da kanta tun ranar farko, can yamma cikin wani tsagi. Ba wanda ya tambaye ta, kowa ya san ta Osang ce.

Daga nan mulkin Mama ya faɗaɗa. Sai ta tafasa ruwa ta cika gorunan da kanta. Sai ka kife takalminka ka kakkaɓe a gabanta, tun ranar da kunama ta faɗo daga na wani. Kowa da usur a wuya, da ƙullin gishiri da sukari a aljihu, kuma biyu-biyu ake fita. Maza masu furfura, waɗanda suka yi arangama da ɓauna, sai ka gan su a layi kamar masu jiran allura. Suna gunaguni, amma gudawar da ke kwantar da su duk damina ta ɗauke ƙafa.

Mutum ɗaya ne ya gagare ta: Njama, sa'an mijinta, ɗaya daga cikin huɗun da suka ɗauko gawar. Tsoho ne busasshe mai baki kamar reza.

"Matarmu," in ji shi kullum, "yau wane gari za ki tura ni a wannan tuwon ƙasar naki?"

"Inda ƙafafunka na sauro za su iya kai ka. Ina usur ɗin?"

"Ga shi nan. Ni alƙalin ƙwallo ne? Ranar da kika ji na busa wannan abu, ki aske min gemu."

"Gemun guda nawa ne? Sa katantanwarka ka ba mutane wuri."

Yakan sa, yana dariya, kullum a rafin gabas. Banku kuwa tana da ido. Akwai kututturen da suke kankare taɓon takalmi in sun dawo. Na kowa ja ne ko baƙi. Mako uku ke nan na Njama fari fat. Ta so ta tsare shi, sai ta ji nauyin ƙaryata tsoho a gaban mutane, ta yi ta ɗagawa zuwa gobe. Wannan jinkirin har yau tana jin haushin kanta a kansa.

Wata Laraba a tsakiyar damina, ƙarfe ɗaya da rabi, Abang abokin fitarsa ya shigo shi kaɗai.

"Ina Njama?"

Abang ya sosa ƙeya. "Mama, ya ce in yi gaba zai kewaya. Kullum haka yake min a mararraba, in na dawo in same shi zaune yana jirana. Yau na jira har na gaji."

"Kai da 'ya'yanka biyar aka ce yi gaba, ka yi gaba kamar akuya? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Mama, Baba Njama ne fa. Wa zai kai ƙararsa?"

Biyu ta buga. Hadari ya fara haɗuwa a kan dutse. Oga Bisong ya tara sauran mazan shida, ya nuna yumɓun. "Ga tasa nan. Rafin gabas, mu tafi."

"Ba ya can," in ji Banku.

"Mama, ke kika kafa dokar nan. Inda katantanwa take nan ake bi."

"Na kafa, shi kuma ya yi mata ƙarya." Ta ja shi zuwa kututturen, ta ɓantaro farin taɓon da ya bushe ta zuba masa a tafi. "Farar ƙasa wuri ɗaya take a dutsen nan. Ni na wanke ta daga wandon Osang."

Oga ya ce to a raba, uku gabas uku yamma. Ta ce a'a, mutum uku ba sa fito da mai rauni daga wannan ramin, in ruwa ya sauko kuwa ramin rafi yake zama. Oga ya dube ta ya ce, "In kuma yana gabas fa?" Ta san in ta yi kuskure ita ce ta kashe shi. Ta ɗaura zani ta ce, "A wuyana." Ta ɗauki igiya da gora ta shige gaba, ita da shekara goma sha ɗaya ko kallon wannan hanyar ba ta yi.

Sun yi sa'a guda suna hawa, yayyafi ya fara, duwatsu suka yi santsi. Suka kira, shiru. Oga ya fara waiwayen gabas. Sai Abang ya ɗaga hannu. Can ƙasa, sautin usur siriri, sau uku, a huta, sau uku.

Banku ta zauna a kan dutse. "Ku ji alƙalin ƙwallo," ta ce, hawaye na zuba tana dariya.

Yana kwance a gindin kwazazzabon, ƙauri a karye, ruwa ya fara taɓa masa diddige. Ya shanye gorarsa, ya lashe ƙullin gishiri da sukarin tas. Wani ya kama ƙafar zai ja irin na masu ɗori, ta daka masa tsawa. Aka kafa sanduna biyu aka ɗaure ta yadda take, aka zura riguna a sandunan gora biyu aka ɗora shi. Duk su shidan sai da suka sa hannu kafin ya fito. Ba su yi nisa ba suka ji ruwa ya cika ramin a bayansu. Kafin rana ta faɗi yana kan babur, an nufi asibiti da shi.

Wata biyu ya yi. Ranar da ya dawo yana dogara sanda, duk Ketum ta biyo shi sansani da ganga. Katantanwarsa na nan a gabas, Banku ta hana kowa taɓawa. Ya zauna a turmi ya miƙa mata haɓa, ta aske 'yan gashin gemunsa guda bakwai mutane na shewa.

Da aka lafa ya yi ƙasa da murya. "Uwar goggon biri ce da jaririnta a wurin, matarmu. Na ji tsoron in na nuna, magana ta kai kunnen masu tarko."

"To ba ka da baki ne? Sai in kifa kwando, ni kaɗai in gani."

"Ai bakin ne ba a faɗa da shi."

"Shi ya kusa kai ka."

Tun daga ranar, da kwando ake rufe dutsen yumɓun, sansanoni uku kuma sun aiko an koyi ginin. Njama ya ɗauke katantanwarsa daga gabas, ya tsaya yana kallon baƙar da ke cikin tsagin yamma.

"Ina kwance ina tunaninsa," ya ce. "Ni sa'a huɗu kawai na jira."

Banku ta sunkuya ta ɗauke baƙar katantanwar, ta share mata ƙura da bakin zani, ta jefa ta cikin ƙwaryar waɗanda suka dawo gida. Sannan ta juya ta ce wa ya bar mata wuta ta mutu.